Yadda ake zaɓen hedifon mai fitar da sauti na zahiri, wanda kuma ba ya gajiyar da kai

Wanda ya saba da iyafis ɗin da ake sayarwa a bakin titi, ranar da ya fara ɗora hedifon irin na masu son sauti a kansa, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda sautin ya zo a natse, babu dukan ƙirji kuma babu tsinin da ke tsira kunne. Wasu ma sukan cire shi nan take su ce ai wannan ba shi da ƙarfi. Dalili kuwa shi ne yawancin kayan sauti na kasuwa an ƙera su ne domin su burge a cikin minti biyu na farko, lokacin da mai saye yake tsaye gaban kanti yana shawara da aljihunsa, shi ya sa ake cika musu kaurin sauti, wanda ake kira bes, a kuma ƙara musu kaifi a sama. Hedifon da ake nema domin sauti na zahiri aikinsa daban ne. Ana so ya mayar maka da muryar mutum kamar yadda take idan yana zaune kusa da kai a kan tabarma, ya kuma bar ka ka yi sa'a uku ko huɗu da shi ba tare da kunne ya ɗau zafi ko tsakar kai ta yi tsami ba. Da waɗannan abubuwa biyu ake auna kowane hedifon, kuma farashi da sunan kamfani suna zuwa ne a bayansu.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya kawar da ido daga kansa shi ne lambobin da ke jikin kwali, irin waɗanda ke cewa hedifon yana fitar da sauti daga Hertz 5 zuwa 40,000 (Hertz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti: ƙaramar lamba kauri, babbar lamba kaifi). Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji ne daga kusan Hertz 20 zuwa 20,000, kuma saman wannan iyaka yana raguwa da shekaru. Lambar kwali ba ta gaya maka wane sashe aka ɗaga da wane aka danne ba, alhali nan ne dukan maganar take. Muryar mutum da yawancin kayan kiɗa suna zaune ne a tsakiya, daga wajen Hertz 100 zuwa 'yan dubbai, don haka hedifon da ya gyara tsakiya ya ci rabin jarrabawa ko da bes ɗinsa bai kai ƙasa sosai ba.

Akwai wani abu game da halittar kunne da yake da amfani a sani kafin a fara duba zanen awon da masu gwaji suke wallafawa. Ramin kunne, wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita biyu da rabi, tare da fatar kunne da siffar kai, suna ƙara wa sautin da ke wajen Hertz 3,000 ƙarfi kafin ya isa dodon kunne. Ƙwaƙwalwa ta saba da wannan ƙari tun haihuwa, har ta ɗauke shi a matsayin daidai. Saboda haka, idan aka auna hedifon mai kyau da na'ura mai kwaikwayon kunne, layin awon ba ya zuwa a miƙe. Yakan yi tudu a wajen 3,000 sannan ya gangara. Wanda layinsa ya miƙe ɗoɗar a wannan wuri zai yi sauti a dushe, kamar mai magana ta bayan labule. Masu bincike na kamfanin Harman a Amurka, Sean Olive da Todd Welti, sun shafe shekaru suna sa mutane su saurari hedifon daban-daban ba tare da sun san sunan abin da ke kansu ba, daga nan suka fitar da wani layi da ake kira ma'aunin Harman, wanda aka fara wallafawa a 2013 aka kuma sabunta na manyan hedifon a 2018. A ganina, wannan layi wurin farawa ne mai kyau, amma matsakaicin zaɓin jama'a ne, kuma binciken da kansa ya nuna cewa mutane sun fi saɓawa a kan yawan bes. Kada wani ya tsorata ka da zane, idan kunnenka ya fi natsuwa da bes kaɗan ƙasa da abin da layin ya nuna.

Mai jin Hausa yana da abin gwaji a hannunsa wanda bai kamata ya raina ba, wato harshensa. Ka samu naɗaɗɗiyar muryar da aka ɗauka da kyau, ta wani mai karatu ko mai jawabi da ka taɓa ji ido da ido, ka saurare ta da natsuwa. Ka kasa kunne ga haruffan s da sh da ts. Idan kalmomi irin su tsintsiya da sassafe suna sokar kunne kamar ana hura iska ta tsakanin haƙora, to hedifon yana da tudu a sama, galibi tsakanin Hertz 6,000 da 9,000, kuma wannan tudu shi ne yake haddasa gajiyar kunne bayan rabin sa'a, ko da yake a minti na farko mutum yakan ɗauke shi a matsayin tsabtar sauti. Idan kuwa muryar ta fito kamar mai magana a cikin randa, an cika kauri a wajen 200 zuwa 300. Idan ta fito ta hanci kamar mai mura, matsalar tana wajen 1,000. Haka nan ƙ da ɗ da ɓ suna da wani ɗan tsinkewa a maƙogwaro wanda hedifon mai kyau yake fitarwa sarai, mara kyau kuwa ya shafe shi har ƙ ta kusa zama k.

Bayan murya sai kayan kiɗan da ka sani a zahiri, domin ba za ka iya hukunta sautin abin da ba ka taɓa ji a fili ba. Kalangu ya fi komai dacewa da wannan aiki. A kowane bugu akwai abubuwa uku a jere: saukar makaɗi a kan fata, amon cikin icen, sannan hawa da saukar murya yayin da makaɗin yake matse tsirkiya a hammatarsa yana saki. Hedifon mai bes mai yawa amma mara tsari yakan haɗe ukun su zama dum guda ɗaya, har maganar da kalangun yake yi ta ɓace. Algaita kuwa da ma kaifi ne da ita, don haka abin dubawa shi ne a bar mata kaifinta ba tare da ta sa ka miƙa hannu ka rage ƙara ba.

Daga nan sai babbar shawara, wato buɗaɗɗen baya ko rufaffe. Buɗaɗɗe yana da raga a bayan kowane kofi, wato ɓangaren da ke rufe kunne, iska tana shiga tana fita, sautin da ya koma baya ba ya dawowa ya rikita na gaba, shi ya sa yakan fi kama da sauraro a cikin ɗaki, kuma kunne ba ya yin zufa da wuri. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fitar da irinsa a 1968 da samfurin HD 414, kuma har yau mafi yawan hedifon da ake yabo da sauti na zahiri buɗaɗɗu ne. Sai dai ba ya tare komai. Na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji kukan janaretan maƙwabta da kaɗawar fanka da hon ɗin masu adaidaita. Wanda ba shi da ɗaki mai shiru, ko wanda zai yi amfani da shi a ofis ko a mota, gara ya haƙura ya ɗauki rufaffe mai kyau, domin buɗaɗɗe a wuri mai hayaniya yana tilasta mutum ya ƙara murya fiye da kima, kuma ƙananan bayanan da aka saye shi dominsu su ne farkon abin da hayaniyar take cinyewa. Ga mazauna inda hunturu yake kawo ƙura, ragar baya tana nufin a riƙa adana shi a jaka ko akwati idan ba a amfani da shi.

Idan aka zo ga samfura, akwai 'yan kaɗan da suka daɗe har suka zama abin kwatance. Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997 kuma ake ci gaba da ƙera shi, shi ne wanda mutane da yawa suke auna muryar sauran da shi. Nauyinsa kimanin giram 260 ne, tsakiyarsa a daidaice take, amma bes ɗinsa yana raguwa a can ƙasa, filin sautinsa ba shi da faɗi, kuma sabonsa yana matse kai. Ƙaninsa HD 650, na 2003, ya ɗan fi shi kauri da laushi a sama, wanda ya sa masu saurin gajiya da kaifi suka fi son sa. Kamfanin Beyerdynamic, shi ma na Jamus, wanda ya fitar da DT 48 tun 1937, yana da DT 770 rufaffe, da DT 880 mai rabin buɗewa, da DT 990 buɗaɗɗe. Dukansu suna da faffaɗan soson kunne mai laushi da ƙira mai ƙarko, amma an san su da tudu a sama wajen Hertz 8,000, musamman DT 990, don haka gwajin tsintsiya da sassafe ya zama dole kafin a biya kuɗi. A cikin rufaffu masu sauƙin kuɗi, AKG K371 an daidaita shi ne kusa da ma'aunin Harman, yayin da Sony MDR-7506, wanda yake aiki a gidajen rediyo da ɗakunan naɗar sauti tun 1991, yake tona kowane aibi na murya, abin da ya sa ya dace da mai tace sauti fiye da mai son hutawa da daddare. Idan aka ce in zaɓi guda domin murya da kiɗan gargajiya a ɗaki mai shiru, HD 600 zan ɗauka, amma ba zan ba wanda yake son ya ji ganga tana girgiza muƙamuƙinsa shawarar sayensa ba.

Irin injin da ke cikin kofin ma yana da tasiri, ko da yake ba kamar yadda 'yan talla suke kururutawa ba. Waɗanda aka ambata duka suna amfani da tsarin lasifika na gama-gari, wato maganaɗisu da naɗaɗɗen zaren ƙarfe mai tura faifai. Akwai kuma masu shimfiɗaɗɗen faifai siriri a tsakanin jerin maganaɗisu, irin na Audeze na Amurka da HiFiMan na Sin, waɗanda bes ɗinsu yake sauka ƙasa a tsabtace, amma maganaɗisun suna ƙara nauyi, har wasu daga cikin na Audeze sukan haura rabin kilo. Na uku su ne masu aiki da tsayayyar wutar lantarki, waɗanda Stax na Japan ya fara sayarwa a 1960. Suna buƙatar na'urarsu ta musamman mai ba da ɗaruruwan volt na wuta, kuma ba su jituwa da ƙura ko laima.

Maganar nauyi ta kawo mu ga jin daɗin sawa, wanda a nan ne aka fi yin asarar kuɗi, domin hedifon da ke ciwo a kai ƙarshensa rataya a ƙusa komai daɗin sautinsa. Nauyi shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an duba yadda aka raba shi. Hedifon mai giram 400 da ke da faffaɗan maɗauri na fata ko ƙyalle a ƙarƙashin bakansa, wato lanƙwasasshen ɓangaren da ke bi ta saman kai, yakan fi mai giram 300 da siririn baka sauƙi, saboda siririn yana tara dukan nauyin a wuri guda a tsakar kai, kuma bayan minti arba'in wurin yakan fara zugi. Sai matsi: idan ya yi yawa, za ka ji shi a mahaɗar muƙamuƙi da gefen goshi, idan ya yi kaɗan, hedifon zai zame duk lokacin da ka sunkuya. Mai matsi da yawa yakan saki da kansa bayan makonni, kuma ana iya taimaka masa ta hanyar ɗora shi a kan jerin littattafai masu faɗin kai na kwana ɗaya ko biyu, muddin ba a lanƙwasa ɓangaren roba da ƙarfi ba, domin roba karyewa take yi. Sai zurfin kofi: ka sa yatsa ka tabbatar fatar kunnenka ba ta taɓa ƙyallen da ke rufe lasifikar ba, kuma soson ya kewaye kunnen gaba ɗaya bai hau kansa ba. Masu hawa kan kunne, irin yawancin na Grado da ake ƙerawa a Brooklyn, mutane da yawa ba sa iya wuce sa'a guda da su.

Abin da aka lulluɓe soson da shi ya fi muhimmanci a ƙasa mai zafi fiye da yadda masu gwaji na Turai suke nunawa. Fatar roba tana rufe kunne ruf, tana ƙara bes, amma a watan Afrilu ba a yin minti ashirin da ita sai zufa ta fara gangarowa ta bayan kunne. Kuma ba ta daɗewa. Na taɓa samun wani rufaffe wanda na ji daɗin sautinsa ƙwarai, amma bazara biyu kacal ya gani, fatar ta fara saɓulewa. Wata Juma'a na cire shi zan fita masallaci, sai na ga wuyan farar rigata cike da baƙaƙen ɓarɓashi kamar an barbaɗa gawayi, wasu kuma sun manne a gefen fuskata da cikin kunne. Tun daga ranar nake fara tambayar ko ana iya cire soson a sauya kafin in tambayi komai. Soso mai lulluɓin karan-miski ya fi shan iska kuma ba ya saɓulewa, sai dai yana shan zufa da man gashi, yana kuma kwantawa a hankali. Idan ya kwanta, lasifikar takan matso kusa da kunne, sautin ya canza, kaifi ya ragu, kauri ya ƙaru, har mutum ya ɗauka hedifon ne ya tsufa alhali soso ne kawai yake neman sabo.

Ka gwada shi a yanayin da za ka riƙa sa shi. Mai tabarau ya gwada da tabaransa, domin ƙafar tabarau tana buɗe 'yar kafa a ƙarƙashin soso, kuma a rufaffen hedifon wannan kafa tana zubar da bes sosai, banda ciwon da take jawowa idan soson ya danne ta. Haka lamarin yake ga mai kitso mai kauri ko wadda za ta sa shi a kan ɗankwali. Buɗaɗɗu sun fi haƙuri da irin wannan.

Sannan a duba abin da zai tura hedifon. Lambobi biyu ne abin lura, wato turjiya da ake aunawa da ohm, da kuma yawan ƙarar da yake bayarwa a kan ƙaramar wuta, wadda ake rubutawa da desibel. K371 mai ohm 32 yana tashi da wayar hannu ba tare da wahala ba, amma HD 600 mai ohm 300 ko DT 880 mai ohm 250 suna son na'urar ƙara ƙarfi, kuma wasu masu shimfiɗaɗɗen faifai suna da ƙarancin turjiya amma suna cin wuta. DT 770 yana zuwa a ohm 32 da 80 da 250, don haka a karanta kwali da kyau. Akwai wata ƙa'ida da ake bi, cewa turjiyar mafitar na'ura kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon, in ba haka ba bes yakan kumbura ya rasa tsari. Tun da kamfanonin waya suka fara cire ramin milimita 3.5, wanda Apple ya yi a 2016, ƙananan na'urorin da ake soƙawa a ramin caji sun yawaita, kuma mai kyau daga cikinsu ya wadatar da yawancin mutane. Kebul mai tsada kuwa, ban taɓa jin ya gyara hedifon da aka daidaita ba daidai ba. Abin da ake bukata a kebul shi ne ya zama mai cirewa, mara ƙara idan ya gogi riga. Masu aiki da Bluetooth suna matse sauti kafin su aika, kuma batirinsu yana da wa'adi, shi ya sa masu neman abin da zai shekara goma suke tsayawa a kan mai kebul.

Wurin kwatanta biyu a jere ne aka fi yaudarar kai. Wanda ya fi ƙara, ko da da desibel ɗaya ne, kusan kullum shi ake cewa ya fi daɗi. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunne ba ya jin bes da kaifi sosai idan murya tana ƙasa, yana kuma ƙara jin su yayin da aka ɗaga ta, saboda haka mai ƙara yakan zo kamar ya fi cika. Tunda kowane hedifon da irin cin wutarsa, barin maɓallin murya a wuri ɗaya bai isa ba. Sai an daidaita da muryar mai magana har ta zo daidai a dukansu. Ka zaɓi gutsattsari huɗu ko biyar da ka haddace, kowane kada ya wuce daƙiƙa ashirin, ka saurara a wannan, ka sauya da sauri, ka maimaita, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin kamannin sauti sai na 'yan daƙiƙoƙi. Kuma a kula da abin da ake kunnawa. Waƙar da ta bi ta hannu goma a WhatsApp ta riga ta lalace, kuma hedifon mai kyau ba zai yi komai ba face ya tona asirinta; a nemi FLAC, wato fayil ɗin sauti da ba a rage masa inganci ba, ko aƙalla MP3 mai kilobit 320. Bayan gajeren gwaji sai dogo, inda za ka zauna da kowane na sa'a guda kana wani aiki, ka lura da wanda ka fara marmarin cirewa.

A duk wannan gwaji a kiyaye kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce sa'a 40 a mako a kan desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Hedifon mai tsabtar sauti yana da haɗarinsa, domin ba ya kwarmato idan an ƙure shi, sai mutum ya yi ta ƙarawa bai ankara ba. Idan ka cire shi ka ji kunne yana ƙugi ko ya toshe, ka wuce iyaka.

A wajen biyan kuɗi, sanannun samfura su ne aka fi yi wa jabu, kuma kwalin jabu yakan yi kyau kamar na gaske, don haka farashin da ya faɗi ƙasa da rabin wanda aka sani dalili ne na tsayawa a bincika lambar jikin kaya a wurin kamfani. Sayen na hannu kuwa hanya ce mai kyau ga irin HD 600 da jerin DT, domin ana samun sosonsu da matashin bakansu daban, kuma a HD 600 har kebul cire shi ake yi da hannu. Kafin ka karɓa, ka kunna murya guda ɗaya ka tabbatar ta tsaya a tsakiyar kai ba ta karkata hagu ko dama ba, ka kunna bes mai zurfi ka saurari ko akwai kakarin da gashi ko ƙura a kan faifai suke haddasawa, ka motsa kebul a mahaɗarsa ka ji ko sauti yana yankewa, sannan ka sa kuɗin sabon soso a cikin cinikin.